Kwantar da Hankali Ko Kwantar da Jiki?

Sharhinmu na yau a kan wata kalmar Turanci ce da ta shiga bakin likitoci, wato tranquilize. Tushenta harshen Latin ne, tana nufin a sa abu ya lafa. Turawa kan faɗe ta idan an yi wa majinyacin da ya birkice allura ya natsu. Sukan kuma faɗe ta idan an harbi zaki ko giwa da allurar barci domin a ɗauke su. Wannan ta biyun ta fi bayyana aikin maganin kwantar da hankali, domin jiki yake kwantarwa, abin da ya jawo damuwar kuwa yana nan inda yake.

Natsuwa ce kamfanonin magunguna suka tallata. A 1955 aka fara sayar da maganin Miltown a Amurka, a 1963 kuma kamfanin Roche ya fito da Valium, wato diazefam, wanda Leo Sternbach ya haɗa. Daga 1969 zuwa 1982 babu maganin da ya kai Valium ciniki a Amurka, kuma mata aka fi rubuta wa shi. Sai da tafiya ta yi nisa aka yarda cewa jiki na sabawa da shi har ya kasa rabuwa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, ƙwayar nan da 'yar'uwarta Rohypnol sun iso unguwanninmu, wasu masu kemis na miƙa su babu takardar likita. Matar da kishi ya hana barci ta aika yaro ya sayo, saurayin da ya rasa aikin yi ya haɗa da kodin. Gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a 2018, amma haɗin bai ƙare ba, kuma shi ne ke danne numfashi har mutum ya wuce cikin barci.

Diazefam na da amfaninsa, kada a yi mini mummunar fahimta. Da shi ake tsayar da jijjigar yaro a asibiti, ana kuma ba da shi kafin tiyata. Wanda ya jima yana sha kuwa, kada ya daina rana ɗaya, don hakan na iya jefa shi cikin jijjiga. Ya je wurin likita a rage masa sannu a hankali.