Ciyawar Bisashe Ko Itacen Wuta?

Ƴan uwa ɗalibai, ran nan a jami'a na saurari wani mai porje yana yabon ciyawar giwa. Wai a zuba mata takin silisiyom, ta yi tsawo, a yanke, a ƙona, a samu lantarki. Amma tun daga farkon jawabin har ƙarshe "ciyawar bisashe" yake ce mata. Ni ilimin harshe nake karantawa, ban san noma kamar shi ba. Abin da na sani, in aka sake ma abu aiki aka bar mishi tsohon suna, to akwai wanda ake son a rufe ma ido.

Mu ba shi gaskiyarsa tukuna. Ciyawar giwa ƴar uwar gero ce, takan kai mita 3 zuwa 4. Silisiyom kuwa, in ka cire oksijin, babu sinadarin da ya kai shi yawa a ɓawon ƙasa, sai dai na cikin rairayinmu da ƙyar yake narkewa har saiwa ta sha. Shi ya sa a Japan da Birazil ake niƙa kashin maƙera na masana'antun ƙarfe a zuba ma shinkafa da rake. Kara ya yi ƙarfi, iska ba ta kada shi, ƙwari su sha wuya. Duk wanga haka yake.

Ga abin da bai faɗi ba. Taurin nan da ke tsai da kara, shi ne ke hana tumbin saniya narkar da shi, kuma yana cin haƙorin dabba. In aka bar ciyawar ta kai tsawon da tanderu ke so, ta riga ta zama itace. Tanderun ma toka mai daskarewa take bar mishi.

Sai maganar ruwa. Ciyawar giwa tana son ruwan sama fiye da milimita 1000 a shekara, Maraɗi kuwa wajen rabin haka take samu. To ina za a shuka ta? Fadama da bakin gulbi ke nan, inda mutanenmu ke noman albasa da tumatir, inda bisashe ke faɗawa da rani. Takin ma sai an sayo shi daga waje.

Bara a watan Mayu tsohona ya saida bijimi don ya saya ma sauran garken dusa da karan gero. Shi za a je a ce ma an noma ciyawar bisashe, amma wuta za ta ci?

Ban ƙi lantarki ba wallahi, da fitilar waya nake rubuta wannan. Amma mai son noman makamashi ya fito fili ya ce itacen wuta zai shuka, ya faɗi eka nawa, fadamar wa, ruwan wa. Sannan a tara makiyaya da masu garka a tambaye su da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a ji ko sun yarda.