Gilashin A-kori-kura Ya Yi Nauyi: A Bincika Kafin A Aiko Saye

 Maganarmu ta wannan wata a kan wani saƙo ne da ya yawaita ga 'yan'uwanmu fatake mazauna Dengfeng, watau unguwar nan ta wajen Xiaobei cikin birnin Gwanzu na ƙasar Sin, inda Musulmin Afirka ta Yamma su ke sauka. Ko da ya ke jama'a sun ragu tun annobar 2020, saƙon gida bai ragu ba. Sai dattijo ya bugo waya daga Kumasi ko Kano ko Maraɗi, ya ce gilashin tsohuwar Hilux ɗinsa ba ya tashi sai da ƙyar, a sayo masa injin gilashi a haɗo da kaya. Ɗa ba ya musu da uba, sai ya nufi kasuwannin kayan mota na titin Guangyuan ya saya. Bayan makonni kaya su isa, a ɗaura, gilashi kuwa yana nan yadda ya ke. Daga nan sai zargi, a ce yaro ya ci kuɗi ya aiko jabu, alhali inji bai taɓa zama mai laifin ba.

To, mun zauna da masu gyaran wayar mota, ga abin da mu ka tattara.

Da fari a duba ko ƙofa ɗaya ce ko dukansu. In duka gilasai sun yi nauyi tare, a bar zancen inji, a koma ga batir. Lafiyayyen batir, in mota tana kashe, mita za ta nuna kamar folt 12.6, in an tayar kuwa ya hau wajen 14. Gilashin da ke jan jiki sa'ad da mota ke kashe, ya kuma yi sauri da zarar an tayar, ya riga ya faɗi inda ciwon ya ke.

In ƙofa ɗaya ce, abin tuhuma na farko robar nan ce da gilashi ke bi ta cikinta hawa da sauka. A nan ne mu ke so a tsaya, domin galibin wahalar daga nan ta ke. Motar da ta shekara 15 ko 20 tana shan ƙurar hunturu da zafin bazara, robarta ta bushe, ta taurare, ƙasa ta cika ta, har ta riƙe gilashi kamar an matse shi da hannu. Alamarsa, sauka da sauƙi, hawa da nishi, wani lokaci ya kai rabi ya tsaya, sai ya huta kaɗan sa'an nan ya ci gaba. Tsayawar nan ba mutuwa ba ce. Akwai wani ɗan abu cikin injin da ke yanke wuta in ya ɗauki zafi, in ya huce ya mayar. A sauke gilashi ƙasa, a naɗe tsumma mai laima a kan ɗan tsinke, a share cikin robar sarai daga sama har ƙasa, a bari ta bushe, a fesa man silikon. Amma fa kada a yarda yaron gareji ya shafa baƙin mai ko giris. Ranar farko za a ga santsi a yi murna, bayan haka roba ta kumbura, ƙura ta manne, abin ya fi na da muni. Mun sha ganin masu gaggawa suna yin haka, mai mota kuwa har da ba su tukwici.

In an yi wannan bai sake ba, sai a buɗe bangon ƙofa a auna wutar da ke isa bakin injin, sa'ad da a ke danna makunni. In batir na ba da 12 amma 9 ko 10 ne ke isowa, wuta tana zubewa a hanya, ko dai bakin makunni ya ƙone ya yi baƙi, ko kuwa waya ta soma karyewa cikin robar nan da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda ta ke lanƙwasa kullum aka buɗe aka rufe. Har wa yau, a yawancin tsofaffin motoci wutar gilashin fasinja ta cikin babban makunnin direba ta ke ratsawa, saboda haka ciwo na iya bayyana a dama, tushensa kuwa yana hagu. Mai gyara nagari sai ya jawo waya biyu kai tsaye daga batir zuwa injin. In gilashi ya tashi da sauri, inji ya kuɓuta.

Saura ƙarfen da ke ɗaga gilashin. Iri biyu ne, akwai mai kama da almakashi, akwai mai igiyar ƙarfe. Tsohon giris ya kan daskare a jikinsu, igiya kuma ta kan tsattsinke, a riƙa jin ƙara kamar ana taunar tsakuwa. Mai almakashi wani yana da sifirin mai ƙarfi, wanda ya cire inji ba tare da ya tokare shi ba yana iya rasa yatsa.

Sai an wuce duk waɗannan, wuta tana isa cikakkiya, hanya tana da santsi, inji kuwa yana nishi ko da babu gilashi a kansa, sa'an nan ya cancanci a aiko saye.

A nan ma akwai sharaɗi, muna roƙon iyayenmu su kiyaye. Cewa "na Hilux" bai isa ba, domin tun 1968 a ke ƙera ta, kowane zubi da nasa, wanda ya fito 2004 daban, na 2015 daban. A aiko hoton lambar shasi, da lambar da ke jikin tsohon injin, da hoton bakin soket, domin wani ƙafa 2 gare shi, wani 6. A faɗi ƙofar, ta gaba ko ta baya, hagu ko dama, gama na hagu ba ya shiga dama. In makunni ne a faɗi gefen da sitiyari ya ke. Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, Gana a 1974, sitiyarinmu yana hagu kamar na Sin, amma rumfunan Gwanzu suna ajiye na ƙasashe masu sitiyari a dama kuma, kwalayensu iri ɗaya a ido.

Ku kuma fatake, kafin ku biya ku sa mai rumfa ya jona shi da batir a gabanku, ya juya gaba da baya, ku ɗauki hoton rasit ku aika gida. In guda ɗaya tak a ke bukata, ku lissafa kuɗin awon kilo na jirgi tukuna, ku gaya wa Baba da ladabi ya fara tambaya a Magazin ta Suame ko Ƙofar Ruwa, watakila ya samu a can kafin Juma'a.