A Daina Tura Mana Malaman da Aka Kora Zuwa Wata Jami'a

A watan Oktoban 2019 wata tsohuwar ɗalibar Jami'ar Ahmadu Bello ta ɗauki kwali ta tsaya ita kaɗai a ƙofar Jami'ar Jihar Kaduna. Abin da ya kai ta can shi ne, malamin da aka kora daga Zariya bisa laifin neman ɗalibai mata ya samu sabon ofis da sabbin ɗalibai a Kaduna. Sai da hotonta ya karaɗe intanet sannan jami'ar ta dakatar da shi. Wato in da yarinyar nan ta yi shiru, da shi ke nan. Zariya da Kaduna tafiyar awa guda ce a mota, amma a ce babu wanda ya ɗaga waya ya tambayi dalilin rabuwarsa da tsohon wurin aikinsa?

Wannan sakaci ne, kuma muna yin sa ne da gangan. Kwamiti zai zauna, ya saurari shaida, ya tabbatar da laifi. Daga nan sai manya su fara zarya: a rufa masa asiri, yana da iyali, a bar shi ya ajiye aiki da kansa. Sai a ba shi takardar sallama fes, ya ɗauka ya kai wata jami'a ko kwalejin ilimi, a miƙa wa kura ajiyar nama. Iyalinsa ake tausaya wa. Ita yarinyar da ya kayar a jarrabawa sau biyu don ta ƙi shi, wadda mahaifinta ya sayar da amfanin gona ya biya mata kuɗin rajista, ba 'yar kowa ba ce? Kuma mu nan Arewa asarar ta ninku, domin duk labari irin wannan yana ƙara wa wani uba hujjar cewa 'yarsa ba za ta je jami'a ba.

Toshe wannan kafa ba abu ne mai wuya ba. Tun 2020 jihar Washington ta Amurka ta yi doka da ta wajabta wa mai neman aiki a jami'a ya bayyana ko an taɓa samunsa da irin wannan laifi, ita ma jami'ar dole ta tuntuɓi inda ya baro. Mu kuwa, bayan fallasar da BBC ta yi a 2019 kan malamai masu neman ɗalibai mata a Jami'ar Legas da ta Ghana, Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin hukunta masu lalata da ɗalibai a Yulin 2020, amma har Shugaba Buhari ya sauka bai sa hannu ba.

Masu cewa za a yi wa malamai sharri idan aka bi wannan tsari a nan su saurara. Ba zargi nake magana a kai ba, hukuncin da kwamitin jami'a ya yanke ne bayan an ji ta bakin kowa. Wanda aka wanke, a rubuta an wanke shi. Wanda ya gudu ana tsakiyar bincike, a rubuta hakan.

Hukumomin da ke kula da manyan makarantu, wato NUC da NBTE da NCCE, ba sa buƙatar jiran wata doka kafin su buɗe kundin sunayen waɗanda aka samu da laifi, su tilasta wa kowane magatakarda ya duba shi kafin ya sa hannu a takardar ɗaukar aiki. Ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, kuma ta fito ta goyi baya da irin ƙarfin da take neman albashi. Duk shugaban jami'ar da ya ɓoye hukunci, a tuhume shi tare da mai laifin.