Idon Jirgin Yaƙi: Taura Biyu Ba Ta Taunuwa

Duk ɗalibin da ya taɓa kwana tsaron gonar dawa a Kanya, cikin ƙasar Zuru, ya san halin tocila. Idan ya yi ta kewaya haskenta dama da hagu, zai hango idanun dabbobi nan da can, amma ba zai tantance ko ɗaya ba. Idan kuwa ya ƙura hasken a kan dabba guda, zai gan ta sarai, sai dai sauran gonar ta koma duhu, ita ma dabbar ta gane an gan ta. Wannan matsala ce ke gaban matuƙin jirgin yaƙi game da na'urarsa ta rada, kuma saboda ita ya kamata malaman kimiyya su daina kallon manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi a matsayin wasan yara.

Rada tana harba igiyar rediyo daga hancin jirgi, ta jira amonta ya dawo. Igiyar tana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Alal misali, idan wani jirgi yana nisan kilomita 75, igiyar za ta ci kilomita 150 zuwa da dawowa, cikin kashi ɗaya bisa 2,000 na daƙiƙa. Daga wannan lokaci ake lissafa nisa. Saurin jirgin kuwa ana gane shi daga canjin da ke samun igiyar da ta dawo, bisa ƙa'idar da Christian Doppler ya bayyana a 1842, wadda ke sa ƙarar babur ta sauya idan ya wuce mutum.

Ƙarfin rada da lokacinta ƙayyadaddu ne, don haka aka yi mata salon aiki iri-iri. Na farko shi ne salon lalube, wanda matuƙa ke taƙaitawa da RWS. A nan rada tana share sararin sama layi-layi kamar mai huɗa, har digiri 60 dama da hagu a jirgin F-16. Tana nuna nisan kowane jirgi da ɓangaren da yake, amma bayanin kaɗan ne, kuma sai ta gama zagaye take sake ganinsa.

Na biyu shi ne salon ƙura ido, wato STT. Rada tana tattara dukkan ƙarfinta a kan jirgi ɗaya, ta bayar da saurinsa da tsayinsa da inda ya dosa ba yankewa. Farashinsa biyu ne: sauran jirage suna ɓacewa daga allo, sannan na'urar gargaɗin abokin gaba tana sanar da shi cewa an kama shi. Makami mai linzami irin AIM-7 Sparrow yana buƙatar a ci gaba da haska masa abin hari har ya isa.

Na uku shi ne lalube tare da bibiya, wato TWS. Rada tana ci gaba da shara, kwamfuta kuma tana buɗe wa kowane jirgi rajista, tana hasashen inda zai kasance kafin haske ya dawo kansa. Radar jirgin F-14 na Amurka ta iya bibiyar jirage 24 ta wannan hanya. Makamin AIM-120, da ya fara aiki a 1991, yana da ƙaramar rada ta kansa, shi ya sa ake iya harba shi a wannan salo.

Sabon shiga yakan ɗauka cewa salo na uku ya fi sauran, tunda ya haɗa amfani biyu. Kuskure ne. Don a riƙa komawa kan kowane jirgi a kan kari, yawanci sai an rage faɗin filin da ake sharewa, kuma abin da ke allo tsakanin gani da gani hasashe ne kawai. Jirgin da ya juya ba zato yana iya barin kwamfuta tana bin inuwa. Ko sababbin rada masu karkata haskensu da lantarki, ba tare da juya faranti ba, sun rage wannan matsala ne kurum, domin har yanzu sai sun raba lokaci da ƙarfi.

Lamarin bai yi nisa da gida ba. A 2021 Rundunar Sojan Sama ta Nijeriya ta shigar da jiragen JF-17 guda uku cikin aiki a Makurɗi, kuma tun 2019 akwai kwaikwayon wannan jirgi a manhajar DCS World. Ɗalibin da ya gwada salon nan uku a can zai ga lissafin nisa da sauri da kusurwa yana aiki a gabansa. Gani ya kori ji.

Wani zai ce makarantun karkara ba su da wuta, balle kwamfuta mai ƙarfi. Gaskiya ne. Amma darasin ba ya jiran kwamfuta. Malami ya rufe tagogin aji, ya ba ɗalibi guda tocila, ya sa uku su riƙa tafiya a hankali. Da farko mai tocila ya ƙirga su, sannan ya bi ɗaya, daga bisani ya faɗi inda kowannensu zai kasance bayan daƙiƙa uku. Da zarar ɗaya ya sauya hanya, aji zai ga inda hasashe ke gazawa. Wani kuma zai ce wannan koyar da yaƙi ne. Ai ƙa'idojin nan su ne masu kula da zirga-zirgar jiragen fasinja a Kano ke aiki da su, haka ma masu hasashen ruwan sama.

Manhajar kwaikwayo ba za ta mayar da ɗalibi matuƙi ba, domin kimantawa ce daga bayanan da aka bayyana wa jama'a. Abin da za ta koya masa shi ne ya tambayi kowace na'ura abu biyu: me take nunawa, me kuma ta bari a duhu kafin ta nuna shi?