Ƙofar da ba ta da aiki, a rufe ta

A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da Sarki Tanimu ya kewaye Birnin Damagaram da ganuwa, bai toshe garin gaba ɗaya ba. Ya bar ƙofofi ƙidayayyu, ta nan fatake ke shigowa da hajarsu, kuma ta nan ake sanin wanda ya shiga da wanda ya fita. Hikimar dai ita ce, tsaron ƙofa kaɗan ya fi sauƙi bisa ga tsaron fili marar iyaka. Wannan tsohuwar dabara ita ce masana na'ura mai ƙwaƙwalwa ke aiki da ita a yau, kuma ta shafi ma'aikacin da ke riƙe da takardun haihuwa a ofishin magajin garin Kwaya, kamar yadda ta shafi ɗan kasuwar Magarya ko na Dungas da ke lissafin hajarsa a cikin na'ura.

Kowace na'ura da aka haɗa da intanet tana da adireshi, kamar gida. Bayan adireshin kuma tana da ƙofofi masu lamba, daga 0 zuwa 65535, kowane aiki da ƙofarsa. Shafukan intanet suna bi ta ƙofa ta 80 da ta 443, wasiƙu tsakanin manyan na'urori suna bi ta 25, ƙofa ta 445 ta musayar takardu ce tsakanin na'urorin Windows na ofis guda, ta 3389 kuma ita ce ke ba gwani damar sarrafa na'ura daga nesa. Ɓarawon zamani ba ya zaɓen gida. Yakan saki wata manhaja da ke ƙwanƙwasa ƙofofin miliyoyin adireshi dare da rana, duk inda aka amsa sai ta kutsa. Saboda haka wanda ke cewa wa ya san da ƙauyensa, ruɗin kansa yake yi, domin manhajar ba ta bambanta Paris da Kwaya.

Abin da ya faru ranar 12 ga watan Mayu na 2017 ya isa darasi. A ranar ce wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu ta ƙofa ta 445, ta kulle takardun na'urori fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, tana neman fansar dalar Amurka 300, wato kusan jikka 180 na sefa a lokacin. Asibitocin Ingila sun soke ganin marasa lafiya, kamfanin motoci na Renault ya tsayar da aiki a wasu masana'antunsa. Alhali kuwa Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda suka sabunta na'urorinsu sun tsira, waɗanda kuma suka rufe wannan ƙofa daga waje sun datse wa manhajar babbar hanyarta.

Kafin nan, a 2016, wata manhajar mai suna Mirai ta bi ta ƙofa ta 23 ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarorin tsaro da akwatunan raba intanet, ta hanyar gwada kalmomin sirri da masana'anta ta saka, waɗanda masu kayan ba su taɓa canjawa ba. Da irin wannan runduna ce aka afka wa kamfanin wayar Lonestar na Laberiya a ƙarshen shekarar, har sadarwa ta dagule a ƙasar. Wanda aka yi hayarsa don aikin, wani ɗan Ingila mai suna Daniel Kaye, kotun Landan ta ɗaure shi a watan Janairu na 2019. Ga shi dai Afirka ta Yamma ba ta tsira ba, kuma kyamarar da attajiri ya kafa don gadin kantinsa tana iya zama makami a hannun wani ba da saninsa ba.

Maganin shi ne abin da Faransawa ke kira pare-feu, wanda a Hausa ya dace a ce masa ganuwa. Aikinta duba kowane saƙo da ya iso, ta ga daga ina ya fito, wace ƙofa yake nema, sannan ta bar shi ko ta kore shi. Tsari biyu ake bi. Wasu sukan bar kome a buɗe, sai an ji labarin ɓarna su rufe ƙofar da aka bi. Waɗannan kullum ɓarawo na gabansu da taki ɗaya. Tsari na biyu shi ne a rufe duka, sannan a buɗe abin da aiki ke bukata kaɗai, ga wanda aka sani kaɗai. Shi ne ya fi inganci, ya kuma fi araha, don saƙon da aka kora tun a bakin ƙofa ba ya cin ƙarfin na'ura. Ba ya bukatar sayen kome: tun 2004 Windows ke zuwa da ganuwarta a kunne, sai dai sau da yawa mai gyara yakan kashe ta don ya gama aikinsa da wuri, ya tafi bai maida ta ba.

Don haka ya kamata shugaban ma'aikata ko mai kanti ya zaunar da gwanin da ya haɗa masa kayan, ya nemi a rubuta masa ƙofofin da ke buɗe da dalilin kowace. Wadda ba ta da dalili a rufe ta. Ƙofa ta 445 da ta 23 ba su da abin yi a fuskar waje. In gwani na son yin gyara daga Damagaram ko Yamai, a buɗe masa don wannan aikin, ya gama a rufe. A canja kalmar sirrin masana'anta tun ranar da aka kafa akwati ko kyamara, a kuma riƙa sabunta na'ura.

Sai dai ganuwa ba ta kama ɓarawon da mai gida ya shigo da shi da hannunsa. Wasiƙar yaudara da aka buɗe, ko ɗan kile da aka soka a na'urar ofis bayan ya zagaya kasuwa, waɗannan sai da lura. Gaskiya ne Nijar ta kafa dokar hukunta laifuffukan intanet a watan Yuli na 2019, amma doka ba ta maido da rajistar da ta salwanta, kuma mai laifin yana iya kasancewa bayan teku. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duba bangon kuwa aikin mai gida ne.