Gadon jaririn da muke kaiwa barka, don jaririn ne ko don hoto? 🧵

1/ Jama'a ina da magana kan wannan kumburarren gadon jariri da ake talla a status, mai filo da soso ta ko'ina da ɗan gidan sauro a sama kamar lema. Shi muke haɗa kuɗi mu saya duk ƙawar da ta haihu. Ni dai ra'ayina mu daina. Yana kyau a hoton suna, amma ba wurin barcin ɗan kwana bakwai ba ne.

2/ Sabon jariri kansa ya fi ƙarfin wuyansa. In hancinsa ya nutse cikin abu mai laushi ba zai iya ɗagowa ba. In aka jingine shi da filo kuma, haɓa ta sauko kan ƙirji, hanyar numfashi ta matse. Abin tsoron shi ne ba lallai a ji kuka ba. Uwa na nan gefe tana barci, shi kuma yana rasa iska.

3/ Kar ku ce tsada ce maganin abin. A Amurka kamfanin Fisher-Price ya yi wani gadon jingina mai suna Rock 'n Play. A 2019 aka janye guda miliyan 4.7 daga kasuwa bayan mutuwar jarirai sama da 30. A 2022 suka yi doka ta hana irin gadajen da kuma soson da ake zagaye gado da shi. Babban kamfani ke nan fa. To ina ga wanda aka zubo mana ko sunan mai yi babu?

4/ Abin da likitocin yara suka tsaya a kai ba shi da ado ko kaɗan. Shimfiɗa a baje, mai tauri, ba filo ba bargo ba 'yar tsana. Jariri ya kwanta rigingine. Ɗaki ɗaya da uwa, dab da ita, amma da wurinsa daban, aƙalla wata 6 na farko. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce wannan kusancin na iya rage mutuwar cikin barci da kusan rabi.

5/ To mu dawo gida. Mai ba da wannan shawara a Amurka yana hango ɗaki mai mutum biyu. Mu kuwa a Batsari da Safana mun san yadda abin yake tun da matsalar dajin Rugu ta yi tsanani. Mutanen ƙauyuka sun taso sun cika gari, wasu sun wuce Katsina ko Dutsin-Ma. Ɗaki ɗaya, uwa da yara huɗu ko biyar, katifa ɗaya, gidan sauro ɗaya.

6/ Kuma uwar da ta taɓa tashi tsakar dare ta ruga da goyo, ba mai gaya mata ta ajiye ɗanta can ƙuryar ɗaki. Tana so in ta miƙa hannu cikin duhu ta taɓa shi. Tana da gaskiya. Duk shawarar da ta nisanta shi da hannunta ba za ta kwana biyu ba.

7/ Shi ya sa nake ganin ɗan gadon da ke manne da shimfiɗar uwa ya fi dacewa da mu fiye da waɗanda suka ƙirƙiro shi. A cunkushen ɗaki uwa ba ita kaɗai ce abin duba ba. Akwai yayansa ɗan shekara uku mai juyi cikin barci kamar agogo, wanda bai san ya ɗora ƙafa kan fuskar ƙaninsa ba. Katangar katako tsakaninsu ita ce aikin gadon.

8/ Kuma kafinta na gari zai iya yinsa, ba sai an yi oda daga Legas ba. Amma ki je masa da awo, kar ki ce "ka dai yi mai kyau". Tazarar sandunan gefe kar ta wuce santimita 6, kusan yatsu uku na babba. In ta fi haka, jikin jariri na iya zurarewa kai ya maƙale. A goge katakon, ba tsinin ƙusa, fenti ya bushe warin ya fita kafin a sa yaro.

9/ Katifar a yanka ta daidai cikin gadon. In yatsu biyu sun shige tsakaninta da katako, ta yi ƙarami. Danna ta da tafin hannu: in ta lotsa ta bar shaida, ta yi laushi. Na san zuciya na cewa "wayyo, zai ji tauri". Wallahi ba ya ji. Mu ne manya masu ciwon baya.

10/ Nan ne aka fi yin sake. In gadon mai buɗaɗɗen gefe ne da ake haɗawa da na uwa, dole tsayin katifun biyu ya zo ɗaya, a ɗaure ƙafafunsa da gadon uwa tamau yadda ko an tura ba zai matsa ba. Ramin da ke buɗewa tsakani shi ne tarkon. Kuma ba a cike shi da filo ko nannaɗaɗɗen zani. Gadajen amarenmu masu tsayi da katifa inci goma, in abin ya ƙi daidaita, a rufe gefe huɗu kawai a jera su.

11/ Wadda ke kwana a katifar ƙasa ko tabarma fa? Ba a bar ta a baya ba. Ƙasar Finlan tun 1938 gwamnati ke ba masu haihuwa kwalin kayan jariri, kuma har yau kwalin na zuwa da 'yar katifa a ciki don ya zama gadon farko. A Niyu Zilan mutanen Maori kwando suke saƙawa, wahakura. Mu da muke da masu saƙar kaba da faifai? Kwando mai faffaɗan gindi a baje, wanda ba ya tuntsurewa, ya wadatar.

12/ Sauro. Maganin rigakafin zazzaɓin da ake bi gida-gida da shi da damina daga ɗan wata 3 yake farawa. Kafin nan gidan sauro ne garkuwarsa. Wancan ƙaramin mai kamar lema yawanci ba magani a jikinsa, kuma yana iya faɗowa kan fuska. Gara babban da ake rabawa, a ja shi ya rufe uwa da ɗan gadon gaba ɗaya, a cusa bakinsa da kyau, nesa da fuskar yaro.

13/ Yanzu maganar da na san za ta cika min akwatin saƙo: "Iyayenmu da mu suka kwana, ga mu nan." Haka ne. Amma waɗanda aka wayi gari ba su tashi ba ba su da waya balle su zo su ba da amsa. Kusan kowace unguwa an taɓa jin "an danne shi" ko "haka kawai aka gan shi". Ajali gaskiya ne, ba mai ja. Amma ai ba mu bar gidan sauro don ajali ba.

14/ Sai ta biyu, wadda kakanni suka fi faɗi: in ya kwanta rigingine tumbuɗi zai shaƙe shi. A rigingine bututun iska ne a sama, na abinci a ƙasa, don haka abin da ya taso ya fi sauƙin komawa inda ya fito. A rub da ciki ne tsarin ke juyewa. Bayan kamfen ɗin kwanciyar rigingine na 1994, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi a Amurka. Ƙeya kuma ba za ta baje ba in ana kifa shi ya yi wasa yana farke ana kallonsa.

15/ Ba ina cewa duk wadda ta ja ɗanta jikinta ta ba shi nono da dare ta yi laifi ba. Nonon ma kariya ce. In ya ƙoshi a mayar da shi wurinsa. Inda ba wasa shi ne bakwaini ko wanda bai kai kilo biyu da rabi ba, ko ana shan taba a ɗakin, ko an sha maganin mura mai sa barci. Kujerar kushin kuwa ta fi ko'ina haɗari, kar a yi gyangyaɗi da jariri a kanta.

16/ Sai rufa. A zafin Afrilu za ka ga jariri da hula da safa da shawul da bargo, uwar kuma tana fifita. Taɓa ƙirjinsa ko bayan wuya: in da gumi, a rage. Da hunturu kuma matsalar kaskon garwashi ce a rufaffen ɗaki. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kwantar da babba ma. A ɗumama ɗakin, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

17/ Abu ɗaya da mu 'yan boko muke kasa ganewa: a kwana arba'in na jego ba mai jego ke da iko da ɗakin ba, musamman haihuwar fari da ake zuwa wankan gida. Inna ce, ko Gwaggo. In kika shiga da "an ce a intanet", kin rasa. Ki kai gadon hannunta, ki ce "Inna ga na angonki, don kar yaran nan su bi ta kansa da dare." Wannan dalilin ta riga ki saninsa.

18/ Gadon ba na dindindin ba ne. Da ya fara birgima ko yunƙurin zama, wajen wata 5 zuwa 6, ya fi ƙarfin ƙaramin, sai a nemi mai zurfi. Shi kuma na katakon a wanke, a sauya katifa, a miƙa wa ta gaba a cikinmu da ke da ciki. Masu haɗa gudunmawar suna na wannan watan, ku fara tambayar kafinta kuɗin aiki kafin ku tura wa mai status.