Kare halittu kafin 2030: filin na wa ne?

A taron COP15 na Montreal, cikin Disamba 2022, ƙasashen duniya sun yi alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na doron ƙasa da teku kafin 2030. Yarjejeniyar ta amince cewa filayen ƴan asalin wuri da na al'ummomin karkara suna cikin lissafin. Sai dai sa fili cikin lissafi daban, bai wa mai shi iko daban.

Nijar ta ga amfanin ikon. A kudancin ƙasar, musamman Maradi da Damagaram, manoma sun raya itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5 ta hanyar sassaben zamani, tun da suka tabbata gawon gonarsu nasu ne, ba na ma'aikatan gandun daji ba. A Kure kuma, raƙuman dawa da ba su wuce 50 ba a 1996 sun haura 600, suna kiwo tsakanin gonaki.

Idan aka cika kashi 30 ta hanyar korar manoma da makiyaya, za a rasa masu tsaron dajin. Abin da ake buƙata shi ne takardun fili, kare burtali, da kuɗin tallafi da ke isa ƙauye.